Daga Tudun Wada zuwa Shika: Ƙaurar Ofis da Nauyin da Ke Sauka a Kan Ma'aikaci

Ɓangaren Zariya da ke wajen ganuwa ya ginu ne bisa hukumomi da kamfanoni waɗanda aka kawo daga wasu wurare, kowanne da ma'aikatansa da iyalansu. Sabon Gari ya tashi bayan da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa garin wajen 1911, aka kuma keɓe wuri domin akawuna da leburorin reluwe da baƙin 'yan kasuwa. Unguwar PZ, wadda har yau take matattarar bankuna da ofisoshi da motocin haya, ta gaji sunanta daga kamfanin ciniki na Paterson Zochonis. Samaru kuwa ta girma a jikin tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922, kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta mayar da ita babban gari. Ita kanta Kwalejin Barewa ba a Zariya ta faro ba, domin a Katsina aka buɗe ta a 1922, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan aka kawo ta Zariya a 1949. Littattafan tarihi suna kawo waɗannan shekaru dalla-dalla, amma ba kasafai suke tsayawa a kan malamai da kuku da masu gadi ba, waɗanda kowace ƙaura ta sanya su zaɓi tsakanin tattara komatsansu su bi makarantar da kuma rabuwa da abin da suke ci da shi.

Ƙaurar ofis, a yadda ake nufi a nan, ita ce hukuma ko kamfani ya ɗauke wurin aikinsa daga wani mazauni zuwa wani, ko dai a cikin gari ɗaya ko zuwa wani gari dabam, ba tare da an rushe aikin ba. Kasafin kuɗin da ake yi wa irin wannan ƙaura yakan ƙunshi gini da fenti da motocin ɗaukar kaya da kujeru da haɗa wuta da intanet, kuma a nan yake tsayawa. Sauran tsadar, wadda sau da yawa ta fi ta farko yawa idan aka tara ta a shekara guda, ba ta ɓacewa don ba a rubuta ta ba; tana komawa ne aljihun ma'aikata, a matsayin ƙarin kuɗin mota da sabon kuɗin haya da canjin makarantar yara. Saboda haka damuwar da ma'aikaci ke nunawa idan ya ji labarin ƙaura lissafin gidansa ne yake yi a fili, kuma shugaban da ya ɗauke ta a matsayin taurin kai ko ƙin ci gaba ya riga ya yi wa matsalar gurguwar fahimta tun kafin ya fara neman maganinta.

Misali mafi kusa ga mazauna Zariya shi ne na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 asibitin ya yi aiki a rarrabe, wani sashe a Tudun Wadar Zariya, wani a Kaduna, wani a Malumfashi, har zuwa ƙarshen 2005 lokacin da aka tattara shi a mazauninsa na dindindin a Shika, wanda aka daɗe ana gininsa. Ta fuskar koyar da ɗaliban likitanci da kula da marasa lafiya hujjar haɗewar a bayyane take, tunda ba ƙaramin wahala ba ne a ce ƙwararru da kayan aiki da ɗakunan gwaji suna warwatse a garuruwa uku. Sai dai ƙaura ɗaya ce a takarda, alhali a rayuwar ma'aikata ta kasu gida-gida. Wanda ke aiki a Kaduna yana fuskantar tazarar kilomita tamanin ko kusa da haka, don haka ko dai ya kwaso iyalinsa, ko ya raba gida biyu, ko ya riƙa bin babbar hanya kullum. Wanda ke zaune a Birnin Zariya ko Tudun Wada kuwa bai canza gari ba, amma hanyarsa ta koma ta PZ da Kwangila da Samaru kafin ya kai Shika a kan titin Funtua, tafiyar da ke ɗauke shi daga Ƙaramar Hukumar Zariya, ta ratsa ta Sabon Gari, ta sauke shi a ta Giwa. Shi kuwa mazaunin Samaru sauƙi ya samu, domin aikin ya matso kusa da shi.

Wannan rarrabuwa ita ce abu na farko da ya kamata duk mai shirya ƙaura ya gane, domin ma'aikata ba su taɓa zama rukuni guda mai damuwa guda ba. Babban jami'i mai mota yana ƙara man fetur da mintuna kaɗan ne kawai, amma ƙaramin ma'aikaci da a da yake zuwa aiki a ƙafa ko da ɗan acaɓa guda yanzu sai ya hau abin hawa biyu ko uku a tafiya, haka nan a dawowa. A wurin da ake aikin karɓa-karɓa, wato wasu su yi safe, wasu yamma, wasu dare, kamar asibiti ko masana'anta, tambayar ta wuce ta kuɗi ta koma ta tsaro: ma'aikaciyar jinya da ta tashi da dare tana buƙatar sanin motar da za ta kai ta gida, kuma mijinta da iyayenta ma suna jiran wannan amsa. Mace mai shayarwa wadda a da take leƙawa gida lokacin hutun rana ta rasa wannan dama, mai lalurar ƙafa yana son ya san ko ofishinsa a bene yake, kowa kuma yana son ya ji ko akwai masallaci da ruwan alwala da wurin cin abinci a kusa. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 wannan lissafi ya ƙara tsanani, ta yadda ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ƙarin hawa guda a kowace rana ta aiki yana iya cinye kaso mai tsoka na abin da zai kai gida.

Akwai abubuwa biyu a rayuwar magidanci a arewacin Nijeriya waɗanda ke da lokacinsu, kuma ba sa jiran takardar ofis. Na farko shi ne kuɗin haya, wanda a bisa al'ada ake biya na shekara guda a dunƙule tun kafin a shiga, kuma da wuya mai gida ya mayar da ragowar idan ɗan haya ya tashi a tsakiya. Ma'aikacin da aka sanar da shi ƙaura wata biyu bayan ya sabunta haya zai biya gida biyu a shekara ɗaya, ban da la'adar dillali. Na biyu shi ne zangon karatu, wanda ke farawa a watan Satumba, ta yadda ƙaurar da ta faɗo a Fabrairu takan tilasta wa uba ya bar yara da mahaifiyarsu har ƙarshen shekara, musamman idan akwai mai shirin jarrabawar fita sakandare, wanda rajistarsa ke ɗaure da makarantarsa. Hukumar da ta sanar da wuri, da wata shida zuwa shekara guda, ta kuma ɗora ranar tashi a kan dogon hutun makarantu, ta rage wa ma'aikatanta asara mai yawa ba tare da ta kashe ko kwabo ba. Abin takaici ne cewa wannan sauƙi, wanda bai fi ƙarfin kowane shugaba ba, shi ne aka fi yin sakaci da shi.

Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun yi wani tanadi ga wanda aka yi wa canjin gari, mafi shahara shi ne alawus ɗin kwana 28 na farko, wato kuɗin da ake ba shi a madadin masauki kafin ya sami gida, tare da kuɗin jigilarsa da iyalinsa da kayansa. Ƙorafin da aka fi ji a kan waɗannan kuɗaɗe shi ne jinkirin biya, kuma alawus ɗin da ya fito bayan wata takwas ya riga ya rasa amfaninsa, domin kafin nan ma'aikaci ya ci bashi a ƙungiyar adashen ofis ko ya sayar da wani abu nasa. Ban da haka, an gina wannan tanadi ne domin canjin gari, saboda haka wanda ofishinsa ya matsa daga wannan gefen gari zuwa wancan ba ya shiga cikinsa a bisa al'ada, ko da kuwa kuɗin motarsa ya ninka. Sannan tun daga 2003, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fara mayar da alfarmomin aiki zuwa kuɗi, wato ta daina ba ma'aikata gidaje da motoci ta zuba kuɗinsu cikin albashi, nauyin neman muhalli ya koma kan ma'aikaci kacokan. A zamanin da aka gina Samaru da unguwannin reluwe hukuma kan iso ne da kwatas ɗinta; a yau takan iso da ofis kaɗai.

Manyan ƙaurace-ƙauracen da Nijeriya ta gani sun nuna abin da ke biyo bayan hakan. Gwamna Lugga ya mayar da hedikwatar Arewa daga Jebba zuwa Zungeru a 1902, aka sake ɗauke ta zuwa Kaduna a 1917. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar sabon babban birni a 1975, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da dokar kafa birnin a Fabrairun 1976, amma sai ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja. Duk da wannan dogon shiri, ƙananan ma'aikata da yawa sun ƙare ne a Nyanya da Karu da Mararaba da Kubwa da Suleja, suna shafe sa'o'i a hanya kowace rana. Lokacin da aka cire Jihar Katsina daga Kaduna a ranar 23 ga Satumba 1987, ma'aikata 'yan asalin Katsina da Daura da Funtua waɗanda suka yi shekaru a Kaduna da Zariya sun koma sabuwar jiha cikin gaggawa, kamar yadda aka sake gani a 1991 da aka cire Jigawa daga Kano da Kebbi daga Sakkwato, da kuma 1996 da aka ƙirƙiri Zamfara. A duk waɗannan wurare an sami ma'aikacin da jikinsa ke ofis daga Litinin zuwa Alhamis, hankalinsa kuwa na garin da ya baro iyalinsa. Masu ƙorafin cewa ofisoshi kan zama kufai ranar Juma'a suna ganin sakamakon ne, ba sa duba tushensa. Kuma wannan zirga-zirga tana da nata haɗari, kamar yadda harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022 ya tuna wa dubban iyalai masu gida biyu.

Bayan kuɗi, abin da ya fi lalata ƙaura shi ne yadda labarinta ke isa ga ma'aikata. Da wuya irin wannan shawara ta ɓoyu, domin direba ya kai shugabanni duba sabon gini, akawu ya ga takardar biyan ɗan kwangila, sakatare ya buga wasiƙa. Idan hukuma ta yi shiru, jita-jita za ta cike gurbin, kuma jita-jita kullum mafi munin fassara take ɗauka. Fassarar da aka fi yi ita ce ana so ne a rage ma'aikata ta bayan gida, a gajiyar da mutum har ya ajiye aiki da kansa ba tare da an biya shi haƙƙin sallama ba. Wannan zargi ba koyaushe yake zama ƙarya ba, shi ya sa dole shugabanni su amsa shi kai tsaye kuma a rubuce: mutum nawa za su tafi, su wane ne, bisa wane ma'auni aka zaɓe su, me zai faru da wanda ba zai iya bi ba. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ba da aiki, idan zai rage ma'aikata saboda sun yi yawa, ya sanar da ƙungiyarsu dalili da adadi, ya bi ƙa'idar cewa wanda ya zo ƙarshe shi ne ke fara fita, tare da la'akari da cancanta, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa wajen sasanta kuɗin sallama. Saɓanin da ya taso kuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin sauraronsa.

A Nijeriya akwai wata fassara ta biyu, ta ɓangaranci. A Janairun 2024 Babban Bankin Nijeriya ya yanke shawarar mayar da wasu sassansa Legas, ciki har da sashen sa ido a kan bankuna, bisa hujjar cewa hedikwatarsa ta Abuja, wadda aka gina domin mutum 2,700, tana ɗauke da sama da 4,000, kuma yawancin bankunan da ake sa wa ido a Legas suke. A cikin watan ne Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya ta sanar da mayar da hedikwatarta Legas. Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa da sanatocin Arewa sun nuna adawa, gwamnati ta musanta cewa akwai shirin ɗauke babban birni, muhawarar kuma ta koma ta Arewa da Kudu cikin kwanaki kaɗan. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan hujjojin, abin lura shi ne yadda tambayoyin ma'aikatan da abin ya shafa, na tsadar haya a Legas da makarantar yara da ma'auratan da dukansu ke aiki a Abuja, suka nutse ƙarƙashin hayaniyar siyasa, alhali su ne tambayoyin da suke da amsa a hannun hukuma.

Akwai bambanci tsakanin sanarwa da tuntuɓa, kuma ma'aikata suna gane shi nan take. Sanarwa ita ce a tara mutane a gaya musu abin da aka riga aka yanke, a rufe da roƙonsu su yi haƙuri su ba da haɗin kai. Tuntuɓa kuwa ita ce a zo musu tun akwai abin da maganarsu za ta iya canzawa. Ba lallai ne a nemi izinin ma'aikata kan ko za a ƙaura ba, domin wannan haƙƙin hukuma ne, kuma yaudara ce a nuna musu kamar suna da ta cewa a inda ba su da ita. Amma ranar tashi, da sashen da zai fara tafiya, da hanyar da motar ma'aikata za ta bi da wuraren da za ta tsaya, da lokacin shiga da tashi a watannin farko, da damar musaya tsakanin ma'aikata biyu masu matsayi ɗaya idan ɗaya yana son tafiya ɗaya ba ya so, duk abubuwa ne da ma'aikata suka fi shugabanni sani. A cibiyoyi irin na Samaru da Shika, inda malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da ma'aikatan ofis kowa ke da ƙungiyarsa, kwamitin ƙaura da bai ƙunshi wakilan ƙananan ma'aikata da mata ba, zai warware matsalolin manya ne kawai. Kuma a al'adar da ƙarami ba ya musa wa babba a bainar jama'a, shirun da aka yi a zauren taro ba yarda ba ne. Sai an zauna da mutane rukuni-rukuni, ba tare da shugaban sashensu a wurin ba, kafin a ji abin da ke ransu.

Hukumar da ta yi watsi da wannan ita ma tana biya, sai dai ba da kuɗi take biya ba. Lokacin da Ofishin Ƙididdiga na Birtaniya ya mayar da yawancin ayyukansa daga Landan zuwa Newport a yankin Wales, kusan kashi 90 cikin ɗari na ma'aikatan Landan sun zaɓi barin aikin, kuma binciken da Charles Bean ya jagoranta, wanda aka kammala a 2016, ya nuna cewa rashin waɗannan gogaggu ya taɓa ingancin aikin ofishin. A Amurka, da aka mayar da hedikwatar hukumar kula da filayen gwamnati daga Washington zuwa Grand Junction da wasu garuruwan yamma, daga cikin mutum 328 da abin ya shafa 287 sun yi ritaya ko sun nemi wani aiki, kuma a 2021 aka sanar da dawo da hedikwatar inda take a da. Jamus ta bi wata hanya: majalisa ta zaɓi Berlin a 1991, aka yi dokar da ta tsara rabon ayyuka tsakanin Berlin da Bonn a 1994, majalisar ta tare a 1999, kuma har yanzu ma'aikatu shida suna da babban mazauninsu a Bonn. A Nijeriya, inda aikin albashi ke da wuyar samu, ba a cika ganin ajiye aiki da yawa haka ba, kuma wannan yakan ruɗi shugabanni su zaci komai ya tafi daidai. Waɗanda ke tafiya su ne masu inda za su, wato ƙwararrun likitoci da injiniyoyi da masana kwamfuta; waɗanda suka rage kuwa suna nuna damuwarsu ta hanyar makara da yawan neman izini da sanyin jiki a bakin aiki. Manoman rani na fadamun Galma sun san cewa dashen tumatir yana kamawa ne idan an cire shi da ƙasar jikinsa, haka shi ma ma'aikaci yake da gidansa da makarantar yaransa da hanyarsa ta zuwa aiki.

Wata damuwa da ba a cika faɗa a taro ba ita ce ta fayil. Takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da shaidar shekarun haihuwa duk suna cikin fayil ɗin da ke rajista, wato ɗakin ajiye takardun ma'aikata, kuma ma'aikacin da ya kusa ritaya ya san cewa fayil ɗin da ya ɓace a cikin motar kwasar kaya yana iya jinkirta masa fansho da garatuti shekara da shekaru. Ƙidaya fayiloli kafin a ɗaure su, da ɗaukar hotonsu a kwamfuta, da sa hannun mai bayarwa da mai karɓa, aiki ne mai gajiyarwa wanda babu wanda ake yaba wa a kansa, amma yana cikin abubuwan da suka fi kwantar wa dattawan ofis hankali.

A can ƙasa kuma akwai waɗanda sunansu ba ya cikin takardar albashi. Masu shara da masu gadi a yawancin hukumomi yanzu ma'aikatan kamfanonin kwangila ne, don haka babu alawus ɗin ƙaura a gare su, babu ƙungiyar da ke zama a madadinsu, kuma idan sabon wuri ya zo da sabon ɗan kwangila aikinsu ya ƙare ranar da aka kulle tsohon gini. Haka nan mai abinci da mai shayi da mai gurza takardu da ɗan acaɓan bakin ƙofa, waɗanda cinikinsu ya dogara da ofishin, kuma da yawansu suna bin ma'aikata bashin wata. Hukuma ba ta da wajibin doka a kan waɗannan na ƙarshe, amma tana da ikon sanar da su ranar tashi kamar yadda ta sanar da kowa, da keɓe musu rumfuna a sabon wuri, abin da ma'aikatanta ma ke buƙata tunda sai sun ci abinci. Game da masu shara da masu gadi kuwa, sharaɗi guda a cikin sabuwar yarjejeniyar kwangila, cewa a fara ba tsofaffin ma'aikata gurbi kafin a ɗauki sababbi, tare da ba su izinin shiga motar ma'aikata, ya isa ya raba su da zaman kashe wando, kuma wannan sharaɗi a ofishin da ke ba da kwangila ake rubuta shi, watanni kafin a fara kwasar kaya.